William Cowper, Mai Tsara Waƙoƙin Allah

An haifi William Cowper a Ingila cikin shekara ta 1731. Ubansa fasto ne. Uwarsa ta rasu sa'ad da ya ke da shekara shida.

Ya koyi aikin shari'a, amma a 1763 tsoron wata jarrabawa ya taɓa hankalinsa, har ya nemi kashe kansa. Aka kai shi gidan wani likita. A can ya karanta Romawa 3:25, zuciyarsa ta sami salama.

A 1767 ya koma garin Olney, inda John Newton ya ke fasto. Su biyu suka riƙa tsara waƙoƙi domin taron addu'a. Amma a 1773 ciwon ya komo. Ya yi mafarki wanda ya sa ya ɗauka Allah ya yashe shi. Ya daina waƙoƙin sujada. Da aka buga littafinsu a 1779, waƙoƙinsa ba su kai 70 ba cikin 348.

Daga baya ya kama noman lambu, da kiwon zomaye, da rubuta waƙoƙi a kan zaman ƙauye, gama rubutu ya kan sauƙaƙa masa baƙin ciki. Ya yi suna, amma tsoron nan bai rabu da shi ba har ya rasu a 1800.

'Yan'uwa, waƙoƙinsa sun ta'azantar da dubbai, shi kuwa ya rasa ta'aziyya. In akwai mai irin wannan ciwo a ekklisiyarku, kada ku tsauta masa. Ku zauna kusa da shi kamar Newton.