Farfesa Ishaya Audu: Likitan da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun yaƙi

Duk shekara jami'o'in ƙasar nan da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kan shirya bukukuwa, su miƙa lambobin yabo ga shugabannin jami'a da magatakarda da suka yi fice. Kafin a rataya wa mutum irin wannan lamba, ya kamata a san aikin da ake auna shi da shi. A Arewa kuwa da wuya a sami ma'auni da ya wuce rayuwar marigayi Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

An haife shi ranar 1 ga Maris, 1927, a garin Anchau da ke ƙasar Zazzau, cikin iyalin Hausawa mabiya addinin Kirista. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Wusasa, daga nan ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, sannan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. A birnin Landan ya kammala karatun likitanci, ya kuma ƙware a fannin lafiyar yara. A wancan zamani, likitocin da Arewa ta haifa ba su taka kara sun karya ba. Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, ya amince masa har ya zama likitansa, kuma bambancin addini bai shiga tsakaninsu ba.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, ƙarƙashin shugabancin Sa Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand. Shekara huɗu bayan haka ragamar ta koma hannun Ishaya Audu yana ɗan shekara 39, kuma ya karɓe ta a mafi munin lokaci. A ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna, wanda shi ne uban jami'ar kuma ginshiƙinta. Tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa a watan Mayu, malamai da ɗalibai 'yan asalin Gabas suka tattara kayansu suka tafi, sannan yaƙin basasa ya ci daga 1967 zuwa 1970. A 1967 ma aka rushe Jihar Arewa aka raba ta jihohi shida, wato gwamnatin da ta kafa jami'ar ta daina wanzuwa. Jaririyar makaranta ce wadda ta rasa mahaifi da mariƙi kusan a lokaci guda.

A cikin wannan hali jami'ar ta ci gaba da girma. A 1967 aka kafa tsangayar koyar da likitanci, wadda ta zama tushen asibitin koyarwa na Zariya. Matsala mafi girma ita ce ƙarancin 'yan Arewa masu takardun da ake buƙata don shiga jami'a kai tsaye. Maganin da aka samo a zamaninsa shi ne makarantar share fage, wadda aka fi sani da SBS, inda ake horar da waɗanda suka gama sakandare kafin su shiga karatun digiri. Ta wannan ƙofa 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa daga masarautu irin su Daura da Katsina da Gumel suka sami shiga, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da suka riƙe jihohin Arewa daga baya ta nan suka bi. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ma reshen wannan jami'a ce a lokacin, kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ya sauka a 1975 bayan shekara tara, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Da aka dawo da siyasa a 1979, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su yi nasara ba, amma ƙawancen da jam'iyyarsa ta ƙulla da NPN ya sa Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje, muƙamin da ya riƙe har 1983. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba na shekarar, yana cikin 'yan siyasar da gwamnatin soja ta tsare.

Da ya fito, sai ya koma Samaru, dab da jami'ar da ya yi wa hidima, ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya, yana kuma aikin coci. Mutumin da ya wakilci Najeriya a manyan tarukan duniya ya ƙare kwanakin aikinsa yana auna zazzaɓin yaran talakawa. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78.

Masu shirya bikin karramawa na yau za su amfana idan suka tambayi wanda za su ba lamba abin da tarihin Ishaya Audu ya riga ya amsa: a wane hali ya sami makarantar, a wane hali ya bar ta, kuma 'ya'yan talakawa nawa ne suka shiga ta ƙofar da ya buɗe.