Edsger Dijkstra: Malamin da ya koya wa kwamfuta riƙe littafin bashi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi ya san cewa bashin da aka bayar ba a rubuta ba, ko wanda aka biya ba a soke ba, yana iya rufe rumfa kamar yadda ɓarawo ke rufe ta. Irin wannan matsala tana aukuwa a cikin kwamfuta da wayar da ke aljihunku, kuma mutumin da muka kawo tarihinsa a yau yana cikin na farko da suka zauna suka yi mata tunani. Sunansa Edsger Dijkstra, ana furta shi Daikistira, mutumin ƙasar Holan.

An haife shi ranar 11 ga watan Mayu 1930 a Rotadam, birni mai babbar tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi. Ya yi karatun fiziks a jami'ar Leiden, a 1952 kuma ya kama aiki a Cibiyar Lissafi ta Amstadam a matsayin mai rubuta wa kwamfuta umarni. Sana'ar sabuwa ce fil a lokacin, har ma da ya je ɗaurin aurensa a 1957 hukuma ta ƙi rubuta ta a takarda, domin a wurinsu babu sana'a mai wannan suna. Masanin fiziks aka rubuta masa.

Tun a 1956, yana zaune a wani wurin shan kofi tare da wadda zai aura, ya gano dabarar lissafa hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu, cikin kamar minti 20, ba takarda ba alƙalami. An buga ta a 1959, kuma har yau ana aiki da ita a taswirar waya mai nuna wa direba hanya.

A 1962 ya zama farfesa a Eindhoven. A can ne shi da abokan aikinsa, su shida, waɗanda rabin lokacinsu kawai suke iya ba aikin, suka gina uwar manhaja mai suna THE domin wata kwamfuta da ake kira X8. Uwar manhaja ita ce sarkin kasuwar na'ura. Ita ke raba wa sauran manhajoji wuri a ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyaran waya ke kira RAM, ita ke rubuta wanda ya karɓa, ita kuma ke karɓe wurin idan an gama. Ƙwaƙwalwar X8 ba ta wuce kalma wajen 32,000 ba, sai wata ma'ajiya mai juyawa kamar ganga wadda ta ninka ta sau 16, kuma ana kai da komo tsakaninsu shafi-shafi, kowane shafi kalma 512. Wuri kaɗan, masu nema da yawa.

To, a nan ne ya yi nazarin wata annoba da ya sa wa suna mai nufin rungumar ajali, kuma da misalin mai ba da rance ya bayyana ta. Mu ɗauka mai kuɗi yana da jaka 100. Ɗan kasuwa na farko yana buƙatar jaka 80 kafin ya kammala cinikinsa, na biyu jaka 60, kuma ba wanda zai biya sai ya kammala. Idan ya ba na farko 60, ya ba na biyu 40, asusu ya ƙare. Kowannensu yana jiran sauran 20, ba mai kammalawa, ba mai biya, kasuwa ta tsaya cak alhali ba wanda ya saci ko dala.

Maganin da ya kawo wajen 1965, wanda ake kira dabarar mai banki, shi ne a riƙa lissafi kafin a miƙa hannu. Kowa ya faɗi iyakar buƙatarsa tun farko. Kafin kowane rance, mai kuɗi ya duba ko abin da zai rage ya isa ya kammala wa mutum ɗaya, wanda biyansa zai kammala wa na gaba. A misalinmu, sai a ba na biyu 20 kawai, a ajiye 20 don na farko ya gama ya maido 80. Shi ne kuma ya ƙirƙiro wata alamar ƙidaya mai hana manhajoji biyu taɓa lissafi ɗaya a lokaci guda, kamar yadda ba a barin yara biyu su rubuta a littafin shago tare.

Bugu da ƙari, ya tsara THE hawa-hawa. Hawan ƙasa yana raba lokacin aiki, na bisansa yana riƙe lissafin ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗora sabon hawa sai an tabbatar da na ƙarƙashinsa. A rahoton da ya buga a 1968 ya nuna cewa kurakuran da suka fito wajen gwaji ƙanana ne, kamar ɗaya cikin umarni 500, kuma kowanne an gano shi cikin minti 10. Aƙidarsa ita ce gwaji yana nuna akwai kuskure, amma ba ya iya shaida cewa babu, don haka a gyara tsari tun daga tushe.

A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen. Daga 1973 ya yi wa kamfanin Burroughs aikin bincike daga gidansa, a 1978 kuma shi da wasu masana huɗu suka buga dabarar kwaso wuraren ƙwaƙwalwa da aka bar amfani da su ba tare da an tsayar da aiki ba. A 1984 ya koma jami'ar Teksas a Amurka, inda ya koyar har ya yi ritaya a 1999. Abin mamaki, da alƙalamin tawada yake rubuta yawancin takardunsa na baya, waɗanda gaba ɗaya sun haura 1,300. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 6 ga watan Agusta 2002 a garin Nuenen, yana da shekara 72.

Gaskiya ne cewa Linux, wadda aka fara a 1991 kuma ita ce cibiyar wayoyin Android, ba ta bin dabarar mai banki sak, domin manhajojin yanzu ba sa faɗin iyakar buƙatarsu tun farko. Takan yi alkawarin wuri fiye da wanda take da shi, idan aka matsu sai ta rufe wata manhaja da ƙarfi. Shi ya sa masu kula da ita ke bin diddigin lissafin shafi-shafi. Shafin da aka maido ba a soke ba yana sa littafi ya ce wuri ya cika alhali akwai, wanda aka soke sau biyu kuma yana sa a yi alkawarin abin da babu. Idan wayarku ta daskare ana tsakiyar tura kuɗi, ƙarancin wuri na cikin abubuwan da ke jawo haka.

Darasin marigayin ɗaya ne ga na'ura da ɗan kasuwa: a san abin da ya fita, a san abin da ya rage, kafin a sake bayarwa. Allah ya ba mu sa'ar kasuwa.