Ariyabata, Malamin Lissafi na Ƙasar Indiya

Duk wanda ya taɓa gina ɗakin zagaye, ko ya ɗaure bakin rijiya a Kakuri ko Sabon Tasha, ya san dabarar magina: a auna faɗi, a riɓa shi sau uku, a ce shi ne kewaye. Ko a Littafin Sarakuna na Fari, sura 7, an ba da awon babbar kwatarniyar tagulla ta Haikalin Sulemanu, faɗinta kamu 10, kewayenta kamu 30. Amma wannan awo na dunƙule ne. Idan faɗin rumbunka ƙafa 14 ne, ka sayi zana ƙafa 42 domin ka kewaye shi, za ka tarar da giɓi wajen ƙafa 2. Wannan ɗan giɓi ya wahalar da masana shekaru dubbai. Ga labarin ɗaya daga cikinsu.

An haifi Ariyabata a ƙasar Indiya cikin shekara ta 476. Ya yi aikinsa a birnin Kusumapura, wanda a ke kira Patna yanzu, a bakin Kogin Ganjis. A shekara ta 499, yana da shekara 23 kaɗai, ya rubuta littafin da ya sa sunansa bai ɓace ba, watau Ariyabatiya. Ɗan ƙaramin littafi ne, baiti 121 cikin harshen Sanskirit, gama a lokacin nan malamai su kan tsara ilimi cikin waƙa domin almajirai su haddace.

A cikin baiti guda ya daidaita zancen da'ira. Ya nuna idan faɗin da'ira 20,000 ne, kewayenta ya kan zama 62,832. In an raba, sai a sami 3.1416. Wannan shi ne adadin da 'ya'yanmu su ke kira Pai a makaranta. Ku duba kyaun awon nan: da za a zana da'ira mai faɗin mil guda, a lasafta kewayenta da adadin Ariyabata, kuskuren ba zai kai rabin inci ba.

Amma abin da ya fi awon daraja shi ne wata kalma da ya ƙara a cikin baitin, mai ma'anar kusa. Watau ya faɗa wa almajiransa a fili cewa adadinsa ya yi kusa ne kawai, bai kai daidai cif ba. Saurayi ne mai neman suna a tsakanin manya, da ya yi shiru da ba mai kama shi, duk da haka bai ɓoye ba. Sai bayan shekara 1,262, a 1761, wani malami a Turai mai suna Lambat ya tabbatar da hujja cewa ba adadi biyu da za a raba su ba da Pai sosai. Lambobinsa ba su da iyaka.

Ariyabata ya duba sama kuma. Ya koyar cewa duniya ce ke juyawa, taurari kuwa suna tsaye, kamar yadda mutum a cikin kwalekwale ya kan ga itatuwan gaɓa suna tafiya baya. Mutanen ƙasarsa sun gaskata wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye wata, kamar yadda a wurinmu a kan ce rana ta kama wata, yara su fita suna kaɗa kwanoni. Shi kuwa ya ce inuwar duniya ce ta kan fāɗa a bisa wata, ya kuma nuna yadda za a lasafta lokacin.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Wani babban malami, Barahmagupta, ya soke shi ƙwarai cikin littafinsa na shekara ta 628. Amma a 629 wani kuma, Baskara, ya rubuta sharhi a kan littafin Ariyabata, ya bayyana wa masu karatu ma'anarsa.

Ariyabata ya rasu wajen shekara ta 550, aikinsa kuwa ya ci gaba da tafiya. A Bagadaza, wajen 820, Alkawarizmi ya sa adadin nan na 62,832 cikin littafinsa na Aljabara. Ta hannun Larabawa ne kuma lambobin Indiya suka isa Turai, su ne 1, 2, 3 da mu ke rubutawa yau. A kudancin Indiya, a ƙasar Kerala, wani malami mai suna Madaba, wanda ya rasu wajen 1425, ya gano hanyar tarawa da ɗebewa bi da bi, wadda kowane mataki ke ƙara kusantar da mutum ga Pai. Da ita ya sami lambobi 11 daidai bayan ɗigo. Sa'ad da Indiya ta sami tauraron ɗan adam na fari, a 1975, sunan Ariyabata aka ba shi.

'Yan'uwa, kowannenmu yana da abin awonsa. Wata tana da mudu a kasuwa, wani yana da tef na ɗinki, wani littafin kuɗin ekklisiya, wani kuwa allo da alli a gaban yara. Jaraba ɗaya ce ta ke samunmu duka, mu ce abu ya cika alhali mun san da saura, ko mu ce mun sani alhali kintace mu ke yi. Ariyabata ya auna iyakar ƙoƙarinsa, sa'an nan ya faɗi inda awonsa ya tsaya, saboda haka waɗanda suka biyo baya suka san wurin da za su ɗora. Ran da ɗanka ya kawo maka aikin gida da 22 bisa 7 a ciki, ka gaya masa wannan ma kusa ne, ka kuma ba shi labarin saurayin Kusumapura.