Gertrude Elion, mai haɗa magunguna

An haifi Gertrude Elion ran 23 ga watan Janairu 1918 a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. Iyayenta baƙi ne da suka zo daga Turai. Mahaifinta likitan haƙori ne.

Tana da shekara 15, kakanta ya kamu da ciwon daji a ciki. Ta ga irin wahalar da ya sha har ya rasu. Daga nan ta ƙudura a ranta sai ta nemo maganin wannan ciwo. Sai ta zaɓi karatun ilimin sinadarai, wato sanin abubuwan da ake haɗawa a yi magani.

Iyayenta ba su da kuɗi da yawa. Ta shiga wata babbar makarantar ƴan mata mai suna Hunter, inda ba a biyan kuɗin karatu. Ta gama a 1937, tana da shekara 19. Amma a wancan zamani ba a son ɗaukar mata aiki a ɗakunan bincike. Gertrude ba ta karaya ba. Ta yi malanta, ta yi aikin gwada abinci a wani kamfani, ta kuma ƙara karatu. A 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, maza da yawa sun tafi fagen fama. Sai wani masani mai suna George Hitchings ya ɗauke ta aiki a kamfanin magani na Burroughs Wellcome.

A da, masu bincike sukan gwada sinadarai barkatai, ko za su dace. Gertrude da Hitchings suka bi wata hanya dabam. Suka fara da nazarin yadda cuta take girma. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Mai ciwon daji, wasu ƙwayoyin jikinsa ne suke hayayyafa ba tsayawa. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, tana bukatar wasu sinadarai, kamar yadda magini yake bukatar tubali. Gertrude ta ƙera tubalin ƙarya mai kama da na gaskiya. In ƙwayar cutar ta ɗauke shi, sai gininta ya tsaya, ta mutu.

Da wannan dabara ta haɗa wani magani a 1951, ana kiransa 6-MP. Aka ba yara masu ciwon daji na jini. A lokacin, yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya wuce ƴan watanni a raye. Da suka sha maganin, da yawansu suka sami sauƙi, amma bayan wani lokaci ciwon ya dawo. Gertrude ta yi shekaru tana nazarin yadda maganin yake aiki cikin jiki. Daga baya likitoci suka gane in an haɗa 6-MP da wasu magunguna, yara suna warkewa sarai. Yau, inda akwai asibiti mai kayan aiki, yara takwas ko tara cikin goma suna warkewa.

Ita da abokan aikinta sun kuma samo maganin da ke sa jiki ya karɓi ƙodar da aka dasa masa, da wani maganin masassarar cizon sauro mai suna pirimetamin. Pirimetamin yana cikin ƙwayoyin da ake ba mata a wurin awon ciki, da waɗanda ake ba ƙananan yara da damina a ƙasarmu. Watakila ƙannenku ma sun sha.

A 1988 aka ba ta kyautar Nobel ta fannin likitanci, tare da Hitchings da wani Bature ɗan Birtaniya, James Black. Ta rasu ran 21 ga watan Fabarairu 1999, tana da shekara 81.

Tambayoyi
1. Me ya sa Gertrude ta zaɓi ilimin sinadarai?
2. Wace wahala ta sha bayan ta gama makaranta?
3. Yaya tubalin ƙarya yake kashe ƙwayar cuta?
4. Wane magani ne na aikinta ake sha a ƙasarmu?