Perpetuwa, Wadda Ta Ƙi Sauya Sunanta

Ɗan'uwana mai karatu, ko an taɓa roƙonka da hawaye ka bar bin Yesu? Zagi da kora suna da zafi, amma roƙon mahaifi ya fi su nauyi. Ina so in ba ka labarin wata 'yar'uwarmu da ta ɗauki wannan nauyi.

Sunanta Perpetuwa. 'Yar Afirka ce, daga yankin Kartaji, kusa da birnin Tunis na yau, a zamanin mulkin Romawa. 'Yar babban gida ce, ta yi karatu, ta yi aure. Shekarunta wajen 22, tana kuwa da jariri namiji a goye. A shekara ta 203, lokacin Kaisar Septimiyus Seberus, aka kama ta tare da waɗansu huɗu masu koyon bangaskiya. A cikinsu akwai wata baiwa, Filisita, mai ciki. Malaminsu Saturus ba ya nan sa'ad da aka kama su, amma ya je ya ba da kansa. Suna hannun hukuma aka yi musu baftisma.

Mahaifinta ba mai bi ba ne, yana kuwa ƙaunarta ƙwarai. Da ya zo ya rinjaye ta, sai ta nuna masa wani tulu, ta tambaye shi ko ana iya kiransa da wani suna dabam. Ya ce a'a. Ta ce haka ita ma, ba ta da wani suna sai Kirista. Tsohon ya husata, ya taso mata kamar zai ƙwaƙule idanunta, sa'an nan ya tafi.

Aka jefa su gidan kaso. Ita da kanta ta rubuta abin da ya same ta, ba ta kuwa ɓoye tsoronta ba. Ga duhu, ga zafi, ga cunkoso, ga damuwar jaririn. Dikinoni biyu na ikilisiya, Tartiyus da Pomponiyus, suka biya masu tsaro domin a fitar da su wuri mai iska na 'yan sa'o'i. Daga baya aka yarda yaron ya zauna wurinta, sai hankalinta ya kwanta, kason ya zame mata kamar fada.

Mahaifin ya sāke dawowa, wannan karo ba da faɗa ba. Ya tuna mata da furfurarsa, da uwarta, da 'yan'uwanta, da kunyar da za ta jawo wa gidan. Ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta yana kuka. A ganina nan ne babban gwajin, ya fi na namomin jeji. Abin da ake nema wurinta ƙanƙane ne a idon mutane: ta miƙa hadaya domin lafiyar Kaisar, ta koma gida da ɗanta. Amma hadaya sujada ce, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai.

Ranar shari'a tsohon ya zo riƙe da jaririn. Mai mulki Hilariyanus ya ce ta ji tausayinsu. Ta ƙi yin hadayar, ta shaida ita Kirista ce. Da mahaifin ya matsa, aka sa aka buge shi da sanda. Lura da wannan, ɗan'uwana: ta rubuta cewa ta ji zafin dukan kamar a jikinta. Ba ta raina tsohon ba, ba ta daina ƙaunarsa ba. Aka yanke musu hukuncin jefawa ga namomin jeji.

Filisita kuwa cikinta wata 8 ne, doka kuma ta hana kashe mai ciki. Ta yi baƙin ciki kada a bar ta baya. 'Yan'uwa suka yi addu'a tare, sai naƙuda ta kama ta. Ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa mai bi ta ɗauke ta ta rene ta kamar tata.

Ran 7 ga Maris aka kai su filin wasa gaban taro. Aka so a sa musu tufafin firistocin gumaka, Perpetuwa ta ƙi, aka ƙyale su. Aka saki damisa da waɗansu namomi a kan mazan, matan kuwa aka sakar musu wata mafaɗaciyar saniya. Ta tunkuyi Perpetuwa ta kā da ita. Ta tashi, ta ja yagaggiyar rigarta ta rufe jikinta, ta ɗaure gashinta, gama a al'adarsu mai makoki ce take sakin gashi. Sa'an nan ta miƙa hannu ta tā da Filisita, 'yar babban gida da baiwa tsaye tare.

A ƙarshe aka kawo takobi. Suka yi wa juna sumbar salama. Saurayin da aka ba aikin sabon hannu ne, ya soke ta a ƙashi har ta yi ƙara. Hannunsa yana rawa, sai ita da kanta ta kama shi ta kai takobin wuyanta. Wani mai bi da ya ga abin ya ƙarasa rubutun da ta fara, aka riƙa karanta shi a ikilisiyoyin Afirka ta Arewa a ranar tunawa da su.