Gambo Sawaba: Marainiyar Zariya da ta shiga siyasa tana da shekara 17

A shekarun da 'yan mata ke lissafin kayan ɗaki ko jiran sakamakon jarrabawa, Hajiya Gambo Sawaba ta riga ta rasa iyayenta biyu, ta yi aure, ta haihu, auren ya mutu, ta kuma yanki katin jam'iyyar adawa. Duk wannan ya faru kafin ta cika shekara 18.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai Gambo ya bi ta bisa al'ada. An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada, abin da 'ya'ya mata ƙalilan ne ke samu a Arewa a wancan zamani. Karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku, daga nan aji ya gagare ta.

Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Bai zauna ba. Ya tafi tana ɗauke da cikin fari, bai sake waiwayarta ba. Ba wani abin mamaki ba ne a lokacin, domin 'yan mata da yawa sun sha irin wannan ɗaci suka haɗiye. Bambancin Gambo shi ne ta ƙi ɗaukar abin a matsayin rabonta ita kaɗai. Ta gane cewa maraici, rashin karatu da auren wuri igiya ɗaya ce da ta ɗaure dubban irinta, kuma masu iko da igiyar suna zaune a majalisa da kotun alƙali.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta ɓata lokaci ba ta shiga reshen Zariya, ta zama shugabar mata a Sabon Gari. Kalmar sawaba, wadda ita ce taken jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta manne wa sunanta har abada. Ta yi tattaki zuwa Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ganin yadda matan Egba suka haɗa kai suka tunkari harajin da aka ɗora musu. Da ta dawo, sai ta riƙa shiga gidajen kulle, inda maza 'yan siyasa ba su da hanyar shiga, tana yi wa mata bayani a kan karatun 'ya'ya mata, auren dole, aikin tilas da 'yancin jefa ƙuri'a.

Hukumomin En'e ba su ɗauke ta da wasa ba. A farkon shekarun 1950 an kama ta a Kano, aka ɗaure, daga baya aka kore ta daga garin. An ƙiyasta cewa sau 16 ta shiga kurkuku, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan bangar siyasa. Abin takaici, a zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, ita kuwa da ke tara wa jam'iyya jama'a doka ba ta ba ta dama ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka samu wannan 'yanci. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP, gidanta kuma ya kasance matattarar marayu da marasa galihu.

Ta rasu a watan Oktoba, 2001, tana da shekara 68. Bayan shekara biyu Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ko da yake sai jiha ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta. Sashe na 29(4)(b) na Tsarin Mulkin 1999, wanda ke ɗaukar duk matar aure a matsayin baliga a batun ajiye shaidar zama ɗan ƙasa, ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2013, kuma bai gusa ba. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta.