A Tuna Da Marigayi Diori Hamani, Maƙwabcin Kirki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tuna wa matasanmu wani maƙwabci da ya yi wa Nijeriya rana, wato marigayi Diori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko.

An haife shi a 1916 a wani ƙauye kusa da Yamai. Malamin makaranta ne, ya koyar a Maraɗi, har birnin Faris ya je ya koyar da Hausa da Zabarmanci. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a 1946, kuma shi ya karɓi mulki a 1960.

Halinsa ya fito ne lokacin yaƙin basasarmu. Faransa, wadda Nijar ta dogara da ita wajen kuɗi, ta karkata ga Biyafara. Kodebuwa da Gabon ma suka amince da Biyafara a 1968. Amma Diori ya ƙi bin uwargijiyar tasa, ya tsaya kan Nijeriya ɗaya. A watan Yuli na 1968 ya karɓi taron sulhu na ƙungiyar haɗin kan Afirka a Yamai, inda Gowon da Ojukwu kowa ya je ya faɗi ta bakinsa. Bayan yaƙi, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu.

Ai ya san tarihi. Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau, Katsinawa kuwa su suka kafa sarautar Maraɗi. Ingila da Faransa ne suka zo suka ja layi a tsakanin dangi.

Ba wai ba shi da laifi ba. Ya haramta jam'iyyar Sawaba, talakawa kuma sun sha wuya a yunwar ƙarshen mulkinsa. Sojoji suka hamɓarar da shi a Afrilun 1974, matarsa Aisha ta rasa ranta a daren, shi kuma ya yi shekaru a tsare. Ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989.

Da aka rufe iyaka a 2023, mu a nan cikin birni mun ji a jikinmu, 'yan kasuwar Dawanau kuwa ba a magana. Don Allah shugabanninmu na ƙasashen biyu su yi koyi da wannan bawan Allah, domin zumunci a ƙafa yake. Allah ya jiƙansa, amin.

Naku,
Mai karatu a kullum,
Unguwar Shahuci, Kano.